SANA'A SA'A: Wuƙar Kifi Mai Naɗewa, Da Inda Gizo Ke Saƙar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yawuri, ko Argungu, ko Lokoja da hantsi, lokacin da jiragen masunta ke komowa daga su, ya san irin wuƙar da a ke gyaran kifi da ita a ƙasar nan. Wuƙar maƙera ce, mai kaurin baya, mai nauyi a hannu, wadda sau da yawa daga tsohon sifirin mota a ke ƙero ta. Aikinta sara ne da kankara. Da ita a ke kankare ɓawo, a farke ciki, a datse kifi gunduwa-gunduwa da ƙayarsa da komai, a miƙa shi ga tukunya ko ga mai banda. Tun kaka da kakanni haka a ke yi, kuma ba a taɓa jin wanda ya kai ƙararta ba.

To, amma tun da kiwon tarwaɗa da karfasa a kududdufi ya yaɗu cikin shekarun 2000, manyan otal da shagunan birni kuma suka shiga neman tsokar kifi zalla wadda ba ƙaya a cikinta, sai wata baƙuwar wuƙa ta fara bayyana a hannun samari masu gonar kifi, da masu dafa abinci, da ma'aikatan da ke zuwa fatsa ranar hutu. Siririya ce, doguwa, ruwanta na lanƙwasawa kamar ganyen kaba, sa'an nan a kan naɗe shi cikin ƙota a jefa aljihu. Kyanta na jan ido, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba. Abin da ya kan faru shi ne mutum ya saye ta, ya ɗora ta a kan aikin wuƙar maƙera, kafin wata ya mutu ko dai tsininta ya karye a ƙoƙon kan tarwaɗa, ko kuwa ta rufe a kan yatsunsa. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa kayan ƙasashen waje ado ne kurum. Ya kamata a yi wa wuƙar nan adalci, a san abin da aka ƙera ta dominsa, a kuma san aibinta, gama tana da shi, ko da ya ke mai sayarwa ba zai nuna shi ba.

Shahararta ta samo asali ne daga ƙasar Finlan, can arewacin Turai, ƙasar da ke da tafkuna fiye da 180,000, inda kamun kifi ya zama ruwan dare. A garin Rovaniemi wani maƙeri mai suna Janne Marttiini ya kafa maƙerarsa a 1928, yana ƙera wuƙar gargajiyar ƙasarsu. Cikin shekarun 1960 waɗansu 'yan kasuwa na jihar Minesota ta Amurka, masu shigo da kayan fatsa na kamfanin Rapala daga Finlan, suka nemi maƙerar nan ta yi musu wuƙa siririya mai lanƙwasawa wadda masu fatsa za su riƙa zare tsoka da ita. Aka yi mata ƙotar itace da kuben fata, ta kuwa karɓu ƙwarai, har an sayar da miliyoyinta. Dalilin karɓuwarta yana cikin yadda mutanen can ke cin kifi. Ba'amurke mai fatsa ya kan zare tsokar gefen nan da ta gefen can, ya soya, ya ci da cokali mai yatsu, kai da ƙashi kuwa sai kwandon shara. Watau wuƙar an yi ta ne don mai cin kifi ba tare da ya tsaya tsintar ƙaya ba.

Waccan ta Marttiini ba ta naɗewa, a kube a ke zura ta. Naɗewar dabara ce ta maƙeran wuƙar aljihu, wadda suka daɗe da ita. Alal misali, a yankin duwatsun Savoie na Faransa, Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai naɗewa a 1890, amma sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata wani zoben ƙarfe da a ke murzawa ya kulle ruwan wuƙar idan an buɗe. Mai karatu ya lura da wannan tazara ta shekara 65, don za a komo kanta nan gaba. Kamfanin yana da jerin wuƙaƙe sirara masu ruwa daga santimita 8 zuwa 15, manyan cikinsu su ne a ke gyaran kifi da su, waɗansu kamfanoni da yawa kuma suna yin irin nasu.

Sirrin wuƙar duk yana cikin sirantarta. Wuƙa mai kauri idan ta shiga tsakanin tsoka da ƙashi, tura tsokar ta ke yi gefe tana yaga ta, ta bar rabi manne da ƙaya. Siririya kuwa sai ta kwanta a kan ƙashin baya ta bi shi duk inda ya karkata, tamkar yadda askar wanzami ke bin ƙeya. Mai aiki ya kan shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katako don kada ya zame, ya kwantar da kifin, ya fara yanka a karkace daga bayan kai har ya ji wuƙa ta taɓa ƙashin baya. Nan zai tsaya, kada ya danna. Sai ya juya kaifin ya fuskanci wutsiya, ya kwantar da ruwan wuƙar, ya riƙa ja da dogon ja, ɗaya hannun kuma yana ɗaga tsokar a hankali. Wanda ya ƙware da kunne ya ke aikin nan, don akwai wata 'yar ƙara, ƙaras ƙaras, da wuƙa ke yi idan tana gogar ƙaya; da ya daina jinta ya san ya hau cikin tsoka, yana ɓarna ke nan. Idan aka zo haƙarƙari sai a bi ta samansu da tsini. In kuma ana son cire fata, sai a kifa tsokar fata na ƙasa, a kama bakin wutsiya da ɗan gishiri a yatsu saboda santsi, a kwantar da wuƙa, a ja fatar baya ana kaɗa ta hagu da dama. Fatar ce ke tafiya, wuƙar kusan tsaye ta ke wuri ɗaya.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne kaifi ya riƙa nisantar hannun da ke riƙe da kifi. Tarwaɗa kuwa sai an kashe yauƙinta tukuna da ruwan zafi da gishiri ko toka, a kuma datse ƙayoyin nan biyu na gefen ƙirjinta da wuƙa mai ƙarfi, in ba haka ba za ta kuɓuce a daidai lokacin da hannu ya saki ƙarfi.

Ba kowane kifi ne ya dace da ita ba. Giwan ruwa matsakaici, da babbar karfasa, da ragon ruwa, da tarwaɗa daga bayan kai zuwa wutsiya, waɗannan tsokarsu na fita sumul. Amma kawara da tsage suna da ƙananan ƙayoyi a cikin tsokar kanta, waɗanda ko wace irin wuƙa aka sa ba za su fita ba. Maganinsu shi ne abin da mata suka sani tun tuni, a tsattsaga jikin kusa da kusa a soya ƙayau. Ƙurungu da sulken kansa ba abokin wasanta ba ne. Kifin ƙanƙara da mazauna Legas da Kano da Fatakwal ke saye a kwali shi ne babban makashinta, gama in bai narke sarai ba, kaifin nan mai laushi sai ya gutsuttsure. Tun da ya ke kuma ruwan wuƙa mai naɗewa ba ya wuce tsawon ƙotar da zai kwanta ciki, galibinsu ba su wuce inci 5 ko 6 ba. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 nauyinsa kilo 78 ne. Wanda ya tunkari irin wannan da wuƙar aljihu, sai 'yan kallo su yi masa dariya.

Sai maganar lissafi, wadda mai gonar kifi ya kamata ya yi kafin ya sa hannu a aljihu. Idan aka zare tsokar karfasa aka cire fata, abin da a ke samu bai wuce kashi 1 cikin 3 na nauyinta ba. Na giwan ruwa ya fi haka kaɗan, amma shi ma bai kai rabi ba. Watau wanda ya fiɗi kilo 3 na karfasa, kilo 1 zai ɗora a sikeli. In bai sayar da shi ninki uku na kuɗin ɗanyen kifi ba, ko kuma bai sami mai sayen sauran ba, ya yi wahalar banza, ya kuma ci uwar kuɗi. A gida ma haka abin ya ke. Magidancin da ya dawo daga fatsa ya miƙa wa iyalinsa sala biyu farare tas a faranti, yana jiran yabo, abin da zai ji shi ne: "Sannu da ƙoƙari, maigida. To, ina kan? Ina ƙashin bayan? Da me zan yi romo?" Ita ce kuwa da gaskiya, don maiƙo da ɗanɗano a kai da ƙashi da fata suka fi taruwa.

Ƙasashen da ke kewaye da tafkin Biktoriya sun ga ƙarshen wannan lissafi. An zuba giwan ruwa a tafkin cikin shekarun 1950, ya hayayyafa ya mamaye shi cikin shekarun 1980, aka kakkafa masana'antu a Mwanza ta Tanzaniya, da Kisumu ta Kenya, da Jinja ta Uganda, inda ɗaruruwan ma'aikata ke tsaye da siraran wuƙaƙe suna zare tsoka, a sa a ƙanƙara, jirgin sama ya kwasa zuwa Turai. Kuɗi sun shigo, babu shakka. Amma abin da ya rage wa talakan bakin tafki shi ne kai da ƙwarangwal, waɗanda mata ke saye a ƙofar masana'anta su soya ko su busar su sayar. A Kenya har suna da suna, mgongo wazi, watau buɗaɗɗen baya. Abin lura a nan shi ne, ko a can ba a zubar da komai ba. Hatta jakar iskar da ke cikin giwan ruwa a kan busar a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada, har ta kan fi tsokar daraja. Mai kududdufi a Zariya ko Ibadan da ke son ya kai wa otal tsoka, sai ya fara shirya da mai farfesu wadda za ta kwashe kawunan kowace safiya.

Duk da haka akwai wuraren da tsoka zalla ke da amfanin da ba a musu. Yaron da a ke yayewa, da tsohon da haƙoransa suka zube, da majinyacin da likita ya ce ya ci kifi, duk sun fi samun natsuwa da abincin da ba ƙayar da za ta maƙale a maƙogwaro. Tsoka siririya kuma ta fi saurin shan gishiri da saurin bushewa. A cikin jirgi ma wuƙa mai naɗewa na da rana. Ruɓar kifi daga ciki ta ke farawa, daga hanji da kuma jan naman nan na ƙarƙashin kunci wanda ya ke numfashi da shi, kuma a zafin ƙasar nan sa'o'i kaɗan sun isa. Masuncin da ke da nisa da gaɓa, in ya yanka ƙarƙashin kunci jini ya tsiyaye, ya farke ciki da tsini ba tare da ya huda matsarmama ba, ya ɗauraye, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, kifinsa zai iso kasuwa da daraja fiye da na maƙwabcinsa. Wuƙar da a ke rufewa kuwa ba ta yawo tsirara a ƙasan jirgi inda a ke taka ƙafa babu takalmi, ba ta kuma tsinka koma.

Yanzu sai inda gizo ke saƙar, watau gaɓar da ruwan wuƙa ke juyawa a kanta. Wuƙar maƙera ƙarfe ɗaya ce daga tsini har cikin ƙota, ba ta da inda za ta karye sai dai ta dakushe. Mai naɗewa kuwa ƙusa guda ce ke riƙe da ita. Idan ba ta da makulli, ko makullin na jabu ne, da tsini ya ci karo da ƙashi hannu kuma yana turawa, sai ruwan ya komo gida, yatsu huɗu kuwa suna kan hanyarsa. Wannan shi ne haɗarin da ya sa gidan Opinel ya ƙara zoben nan bayan shekara 65. Saboda haka wuƙar kifi mai naɗewa wadda ba ta kullewa ba abar saye ba ce, ko da kyauta aka ba mutum.

Aibi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Kwarin da ruwan wuƙa ke kwanciya ciki, da kewayen ƙusar, nan ne jini da yauƙi da gutsuren ɓawo ke taruwa. Mutum ya goge ruwan wuƙar a jikin wando, ya ga yana walƙiya, ya naɗe ya sa aljihu, bai san ya rufe ƙazanta a wuri mai ɗumi da danshi ba, wurin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Gobe ya buɗe ya yanka albasa da tumatir, ko ya fere wa yaro mangwaro. Kifin da a ke dafawa wuta na kashe abin da ke jikinsa, amma mangwaro ba ya shiga tukunya. Yankan da wuƙar kifi ta yi wa hannu ma ba a raina shi. A birnin Toronto na Kanada, tsakanin 1995 da 1996, likitoci sun yi ta karɓar mutanen da hannunsu ya kumbura da zazzaɓi mai zafi, har cutar ta shiga jinin waɗansu, da aka bincika sai aka tarar galibinsu sun ji ciwo ne wajen gyaran ɗanyen kifi, musamman karfasa, wata ƙwayar cuta ta jikin kifin ta shiga ta wurin raunin. Don haka wanda ya yanke, ya bar aikin nan take, ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya ɗaure. In wurin ya yi ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti ne maganar, a kuma gaya wa likita cewa wuƙar kifi ce. Ba a ɗora tsafta a kan sa'a a kasuwa ma: a 1997 Tarayyar Turai ta taƙaita shigar kifin tafkin Biktoriya saboda ƙwayoyin cutar da aka samu a cikinsa, masana'antu da masunta suka yi asara mai yawa.

Wankinta ke nan ya zama aiki na musamman. A buɗe ta rabi, a zuba ruwan ɗumi da sabulu cikin kwarin, a sa tsohon burushin haƙori a goge kewayen ƙusa, a ɗauraye, a yarfe, a bar ta a buɗe ta sha iska har ta bushe kafin a naɗe. Mai ƙotar itace kada a jiƙa ta cikin bokiti, don itacen ya kan kumbura ya riƙe ruwan wuƙar gam. Kada kuma mutum ya ruɗu da cewa ƙarfen ba ya tsatsa. Ƙarfen nan da Harry Brearley ya gano a Shefil ta Ingila a 1913 jure wa tsatsa ya ke yi saboda sinadarin kuromiyam da aka gauraya masa, amma ruwan gishiri na cinsa sannu a hankali, musamman a gaɓa. Masu su a bakin teku, daga Badagiri zuwa Kalaba, sai su riƙa ɗauraye ta da ruwan famfo. Ɗigon mai ɗaya a kan ƙusa ya isa. Baƙin mai na mota haramun ne ga abin da zai taɓa abinci, man gyaɗa kuwa ya kan daskare ya yi danƙo in ya daɗe. Farin man farafin na sha da a ke samu a kantin magani shi ya fi.

Wajen washi, kada a kai ta ga masu injin nan mai tartsatsi da ke yawo a kasuwa. Zafin injin na ƙona siririn ƙarfe ya kashe ƙarfinsa, sa'an nan ya cinye rabin faɗinsa cikin ƙiftawa da bismilla. Dutse mai laushi da ruwa su ne abin nema. A kwantar da ruwan wuƙar, a ɗaga bayansa kamar kaurin kwabo biyu, a ja daga gindi zuwa tsini, adadi ɗaya kowane gefe, a gama da gogawa a kan fata. Dakusasshiyar wuƙa ita ce ke sa a danna, dannawa kuwa ita ke kawo zamewa.

Matafiyi kuma ya sani cewa tun bayan harin Satumba na 2001 a Amurka ba a barin irin wannan wuƙa a jakar hannu a jirgin sama, sai cikin kayan awo. A Ingila dokar 1988 ta hana yawo a bainar jama'a, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, da wuƙar da ruwanta ya wuce inci 3, kotunan can kuma sun ce mai makulli ba ta cikin waɗanda aka yafe wa, kome ƙanƙantarta. A nan gida ma ya fi kyau ta zauna cikin jakar kayan su tare da ƙugiya da zare, inda kowa zai gane aikinta, maimakon aljihun saurayi a tashar mota da dare.

Mai banda a Baga ko Yawuri, wadda ke datsar kwanduna goma kafin azahar, ba ta da abin yi da wannan wuƙa, haka nan mai sayar da kifin ƙanƙara. Wanda ke gyaran kifi da yawa kullum a wuri ɗaya, siririya marar naɗewa ta fi masa, don ta fi ƙarfi ta fi sauƙin wanki. Mai naɗewa ta mai tafiya ce: mai fatsa, da masuncin cikin jirgi, da mai kududdufin da ke gyara wa abokin ciniki kifi biyu ko uku a bakin gona. Irin wannan idan ya je saye, ya buɗe ta a gaban mai kanti har ya ji makulli ya kama, ya ɗora bayan ruwan a kan teburi ya danna, yatsunsa a waje da kwarin. In ta motsa ko kaɗan, ya mayar. Ya kama tsinin da tsumma ya girgiza hagu da dama ya ji ko ƙusar na rawa. Ya lanƙwasa ruwan kaɗan a kan katako ya saki, ya gani ko ya koma miƙe. Sa'an nan ya jiƙa hannu ya riƙe ƙotar ya ji ko tana santsi, ya kuma ɗaga ta wajen haske ya duba ko bayan ƙotar a buɗe ya ke, yadda ruwa da burushi za su iya ratsawa su fita ta ɗaya gefen.